Rasuwar Mai Harshe, Na'urar Faifan Gidanmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki da takaici nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar na'urar karanta faifan DVD ta kwamfutar gidanmu, wadda yara suka laƙaba wa suna Mai Harshe saboda yadda take zaro farantinta idan an taɓa ta. Ta rasu ranar Asabar da hantsi, a kan teburin da ke tsakanin firiji da taga, bayan jinyar da ba ita ta jawo wa kanta ba.

Marigayiyar ta yi zaman rufin asiri. Ba ta taɓa tambayar kowa kalmar sirri ba. A ba ta faifai, ta ce "ƙirrr, tak", ta gyara murya, hoto ya fito. Yawancin ɗalibaina na makarantar koyon tuƙi a gabanta suka fara gane alamun hanya. Ko faifan da yara suka dame da yatsu masu maiƙo ba ta ƙyama, sai dai ta yi ɗan gunaguninta, "wuuu, wuuu", ta karanta. Kuma ita kaɗai ke nuna mana Umma, Allah ya jiƙanta, tana tafiya tana dariya, a faifan ranar da aka yaye ƙanwata daga makarantar jinya. Ba mu da wani bidiyonta bayan shi.

Ciwon ajali ya shigo ne ta hannun mijin ƙanwar tawa. Abinci ya zo ci, idonsa ya faɗa kan kwamfuta.

"Haba Yaya, har yanzu tsohuwar manhaja kake fama da ita? Bari in sabunta maka ka ga gudu."

Kafin in wanke hannu ya danna. Sabuwar manhaja ta iso da hasashen yanayi, da tallan takalma, da wata murya mai tambayata ko na tashi lafiya, amma kunna faifai ya gagare ta. Mai Harshe na ta juyi iya ƙarfinta, allo na rantsuwa babu komai a cikinta. Tir da ci gaban mai haƙan rijiya.

An nemi magani. Na sauko da wata manhajar kallo, murya ta fito babu hoto. Na sauko da wata, hoto ya fito kore shar, a yayyage, babu murya. Mai gyaran bakin titinmu ya ce direbanta ne ya lalace, wato 'yar manhajar da ke haɗa ta da kwamfuta. Ni da na tsufa ina koyar da direbobi, ban san ita ma tana da nata ba. Ya cire shi, ya mayar, daga nan kwamfutar ta daina ma sanin akwai wata Mai Harshe a jikinta.

Ana cikin haka Yayarmu ta zo daga nesa da ƙananan 'ya'yanta, waɗanda ba su riski Umma ba. Tun a hanya ta yi musu alkawarin za su ga kakarsu. Aka cika falo, aka saki labule, na saka faifan ina addu'a a zuci. Allo ya yi baƙi. Na danna a fito da shi, harshe ya ƙi fitowa. Mijin ƙanwata ya miƙe, ya ɗauko wuƙar yanka albasa daga kicin.

"Ku ba ni wuri, ai abu ne mai sauƙi."

Ya cusa mata wuƙar a baki ya ɓanɓara. Kalmar marigayiya ta ƙarshe ita ce "ƙaƙas". Faifan ya fito a karce tun daga tsakiya har baki. Ƙanwata ta fashe da kuka. Yayarmu ta tattara yaranta ta shige ɗaki. Shi kuwa ya goge wuƙar a wandonsa ya ce ai dama ta tsufa, sannan ya tambaya ko akwai sauran shayi.

Ta rasu ta bar kwali cike da fayafai marayu, da linzamin kwamfuta mai ɗingishi, da ni, da faifan Umma, wanda yanzu yake hannun wani mai ɗaukar hoto da ya ce zai gwada ceto abin da ya saura, amma bai yi alkawari ba.

Za a naɗe gawar a tsohon tawul, a sa ta a kwali, a ɗora bisa kabad gobe bayan la'asar. An yafe wa mijin ƙanwata ɗaukar gawa, ya riga ya yi nasa aikin. Za a karɓi gaisuwa a falo. Wanda duk ya san zai buɗe baki ya ce mini ai yanzu komai yana intanet, don Allah ya yi zamansa a gida. Umma ba ta intanet.