Ranar da Na Mayar da Maigari "U"

A buron ƙungiyar manomanmu na Konni, na sha alwashin sai na cire "Al." ta Alhaji daga gaban sunaye kafin a tura saƙon rabon iri. Na rubuta regex, ƙa'idar da ke yanke rubutu.

Sakatariyarmu Hadiza ta ce, "Malam, gwada tukuna."

Na ce, "Ni da aikina?"

Na mance ɗigo a regex yana nufin kowane harafi. Sai ya yanke "Al" haɗe da harafin da ke biye, saƙo kuma ya tafi a haka. Washegari sai ga maigari Almu daga Alela bisa moto, ya miƙo mini salula: "Yaro, ni ne 'u'?" Wani manomi Ali kuwa ko harafi ɗaya bai tsira da shi ba.

Har yau in na shigo buro sai a ce, "Ga wanzami nan, kowa ya riƙe sunansa!"