Dutsen Teku a Tanut

Ba zan taɓa mantawa da shekarata ta farko ta koyarwa a Tanut ba, saboda wani dutse da bai kai dunƙulen hannu ba.

Ilimin halittu nake koyarwa a kolej, ina ɗan shekara ashirin da uku, ina jin babu wanda ya kai ni sani a duk Damargu. Yayana Habu direban babbar mota ne mai zuwa Kotonu. Wata rana ya kawo mini tsarabar dutse daga bakin teku, cikin jarka cike da ruwan tekun. Wata irin gansakuka mai tauri ta lulluɓe dutsen, launinta ruwan hoda, gwanin kyau.

Na duba littafina na Faransanci, na ga an ce tsiro ne mai rai, kuma sai da haske yake girma. Na rufe littafin nan take. Haske? A Tanut? Ai mun gama.

Na ari babbar kwalbar alewa wajen mai kanti, na juye ruwan, na saka dutsen. Sannan na je wajen darekta na ce kafin insifekta ya zo daga Damagaram ya duba aikina, gansakukar za ta rufe kwalbar gaba ɗaya. (Wannan dubawar ce za ta sa a tabbatar da ni a aiki ko a ƙi, amma bakina bai san haka ba.)

Kullum sai in kai kwalbar tsakar fili, cikin ranar bazara. Da azahar ruwan ya yi ɗumi kamar shayi. Idan ya ragu, in ƙara na rijiya, in marmasa kantun gishirin Bilma, wanda ake ba raƙuma. Malam Idi, tsohon maigadinmu, ya tsaya ya duba, ya ce, "Mushe," (haka ake kiran malamin boko a wajenmu, daga Faransanci) "abin da ya saba da ƙarƙashin ruwa, anya zai so wannan rana?"

Na ce, "Baba, wannan kimiyya ce."

Cikin kwana goma dutsen ya koma fari fat, kamar alli.

Ana gobe insifekta zai zo, na fito da shi, na shanya, na ɗauko jar tawadar da nake gyaran takardun ɗalibai, na sirka da ruwa, na shafe shi da auduga. Wallahi ya yi kyau. Da safe na mayar da shi kwalba, na ajiye a kan tebur.

Insifekta dattijo ne mai sanyin magana, kuma ashe a Dakar ya yi karatu, a bakin teku. Ina tsakiyar bayani na lura ruwan kwalbar ya fara zama kamar zoɓo mai ruwa-ruwa. Na matsa na tare ta da jikina. Ya ce in ɗan kauce. Ya naɗe hannun riga, ya ciro dutsen, ya dubi yatsunsa da suka yi ja.

"Mushe," in ji shi, "wannan tsiro naka har gyaran takardu yake taya ka?"

Darekta ya shiga kallon rufi.

Bayan an tashi insifekta ya ce in kawo littafin. Ya buɗe inda na tsaya, ya juya shafi ɗaya, ya sa ni karantawa da ƙarfi: haske matsakaici gansakukar take so, irin mai ratsa ruwa a hankali, da ruwa mai sanyi-sanyi mai motsi. Rana mai ƙarfi kashe ta take yi, ta bar ta fara.

"Da ka nuna musu farin dutsen ka faɗi abin da ya kashe shi, da ka yi darasi mai kyau," ya ce. Ya ɗage tabbatar da ni zuwa shekara mai zuwa.

Na yi shekara talatin ina koyarwa bayan nan, kuma abubuwa da yawa sun mutu a hannuna: wake a gwangwani, talibambam a kwano. Duk wanda ya mutu, nakan ɗaga shi gaban aji in ce, "Ga shi, ya mutu, ni na kashe shi." Ya fi jar tawada sauƙin wankewa.