Rabin Gwarzo a Kan Ciyawar Ɓauna

Jiya da safe ina tsaye a ƙofar gida da kofin gahawa a hannu, ina kallon ciyawata kamar yadda uba ke kallon ɗansa da ya fara tafiya, sai ga farar motar hukuma ta tsaya. Wani mutum ya fito da hula mai baki da sandar awo. Bai gaishe ni ba. Ya durƙusa a kan ciyawar, ya kafa sandarsa, ya girgiza kai irin na likitan da ya ga hoton huhun mashayin taba.

"Kai ne mai gidan nan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Ni da banki."

"Wannan dajin da ka bari a ƙofar gida ya saɓa wa dokar tsaftar unguwa. Ya wuce tsayi, kuma ya mutu."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a zaɓi ɗaya mana. In ya mutu, yaya aka yi yake ƙara tsayi?"

Bai yi dariya ba. Mutanen Mai Girma Sarkin Tsafta ba sa dariya a bakin aiki, ina jin sai an ba su izini daga sama. Ya ce ko in aske ta in shayar da ita har ta yi kore, ko su turo masu inji su aske ta da rana, a kuma ci ni tara.

Ga yadda na jefa kaina cikin wannan. Bara, lokacin da koginmu ya ƙafe har karnuka ke tsallake shi ba su jiƙa ƙafa ba, Mai Girma Sarkin Ruwa, wato shugaban hukumar ruwan garinmu, ya hau rediyo, murya na rawa, ya roƙe mu don Allah mu tuge koren ciyawar nan mai shan ruwa kamar an biya ta, mu shuka irin ta ƙasarmu, wadda ta saba da fari tun kafin a kafa garin. Ya ce duk wanda ya yi haka hukuma za ta rungume shi. Matata Filomena ta ce a duk faɗin New Mexico ni kaɗai ne ke jin magana a rediyo ya tashi ya aikata.

Kuma ba ƙaramin abu na roƙe ta ba. Tsohuwar ciyawar nan marigayi mahaifinta ne ya dasa ta da hannunsa shekarar da muka yi aure. Bayan kwana da kwanaki ta ce, "Eloy, na yarda. Amma in ka mayar mini da ƙofar gida garken awaki, da kai da rediyonka a gareji za ku kwana."

Na tuge, na yi kaftu, na tsince duwatsu har bayana ya daina miƙewa. Na shuka irin ta ƙasarmu da ake kira ciyawar ɓauna, na haɗa da wata mai fitar da 'yan kawuna masu kama da gashin ido. Da farko ba abin da ya fito sai tururuwa. Maƙwabcina Wendell Tuttle, tsohon dillalin motoci wanda ciyawarsa ke sheƙi kamar an goge ta da mai, kullum sai ya jingina da shinge ya ce, "Maƙwabci, yaushe jakin zai iso? Na ga an gama shirya masa wuri." Amma ciyawar ta fito. Ta yi kore da damina, da rani ya kama ta koma ruwan zuma ta yi barcinta, ba ta nemi ko cokalin ruwa a wurina ba.

To da mai sandar awo ya tafi, na sa takalmi na nufi fadar Sarkin Ruwa in kai kuka. Dole in yaba wa shugabanninmu: ciyawar gaban ofishinsu kore shar. Da tsakar rana injunan feshi na ta juyi, suna shayar da ciyawa, suna shayar da kwalta, suna shayar da motar wani da ya manta tagarsa a buɗe. Sai da na ɗage wando na tsallake rafi kafin na isa allon da aka rubuta cewa kowane ɗigo na da daraja.

Matar da ke kan tebur ta saurare ni da ladabi. Ta ce, "Ai ciyawa tana hannunmu ne kafin ta tsiro. Da zarar ta tsiro ta koma hannun ofishin tsafta."

"To ko zan ga Mai Girma?"

"Ya tafi taron yaƙi da fari."

"A ina?"

"A bakin teku."

Na dawo gida, sai na tarar da ƙofata ta zama kasuwa. Daga hagu ga mai sandar awo da masu injin aski. Daga dama ga Mataimakin Mai Girma Sarkin Ruwa cikin kwat, da mai ɗaukar hoto, da wani allo na katako mai ɗauke da rubutun zinariya: Gwarzon Tattalin Ruwa. Ashe gidana suka zaɓa, ba wanda ya faɗa mini, ba kuma wanda ya faɗa wa matar kan tebur.

Mataimakin ya ce, "Ba wanda zai taɓa ciyawar nan sai mun ɗauki hoto."

Mai sandar awo ya ce, "Ba wanda zai ɗauki hoton laifi ya kira shi nasara."

Suka shiga karanto wa juna lambobin doka. A gini ɗaya suke aiki, famfo ɗaya suke shan ruwa, amma jiya ce ranar farko da suka san sunan juna. Wendell ya kawo kujera ya zauna a bakin shinge da gwangwanin lemo.

Ana cikin haka Filomena ta fito daga kicin, hannunta duk garin masara. Ta ɗauki kujerar baranda ta dasa a tsakiyar ciyawar ta zauna. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Na bari an tuge aikin hannun mahaifina saboda wannan. Duk wanda zai aske ta, ya fara daga ƙafata."

Masu injin suka kalli juna, ɗayansu ya kashe nasa.

Ta juya wajen mai sandar awo ta ce, "Ɗana, ina ka auna?"

Ya nuna gefen shingen Wendell.

"Can ne ruwan maƙwabcinmu ke tsallakowa kullum, shi ya sa ta yi tsayi. Nan kuma ba ta sha ba, shi ya sa ta yi barci. In tara za ka ci, ga mai ruwan can yana shan lemo."

Wendell ya tuna wai ya bar wani abu a kan wuta, ya naɗe kujerarsa ya shige.

Daga nan manyan biyu suka koma gefe suka yi shawara, suka fito da hukunci irin wanda ya sa muke alfahari da su. Za a aske rabin hagu, wato na gefen shingen Wendell, don a cika dokar tsafta. Za a ɗauki hoton rabin dama don a cika shirin ruwa. Za a jingine tarar har sai wani kwamiti ya gano ko ciyawa ciyawa ce. Filomena ta ce a aske na gefen shingen, dama yana tare mata fure, amma ba ta tashi daga kujerarta ba sai da motar ƙarshe ta bar layin.

Yau hoton ya fito a jarida. Mataimakin na tsakiya yana murmushi, allon na hannunsa, Filomena na zaune tana hararar mai hoto, ni kuwa kunnena na dama kawai ya samu shiga. A ƙasa an rubuta cewa hangen nesan hukuma ya haifar da ɗa mai ido.

Yanzu dai a hukumance ni rabin gwarzo ne, rabin mai laifi. Na kai wa Filomena ƙorafin haka tana murza kullu, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce ita tun ranar aure haka ta san ni, kuma ba ta buƙaci kwamiti ba.