Jirgin da ya isa ya bar ni a tasha

Ranar Talata da ƙarfe sha ɗaya da rabi na safe wayata ta yi ƙara, ta taya ni murnar sauka lafiya. A lokacin ina zaune a kan akwatina a tashar jirgin ƙasan garinmu, inda nake tun shida da rabi, ina kallon taragai shida da ba su da kan da zai ja su.

Bari ku san girman wadda aka kunyata. Ni mai digiri ce, ina yawon tallan matatar ruwa ga makarantu, gari uku a mako. Manhajoji goma sha ɗaya ne a wayata: ta masauki, ta taswira, ta hasashen ruwan sama, har da wadda ke tuna mini in miƙe ƙafa. Sarauniyarsu ita ce ta jirgi, wadda Mai Girma Sarkin Yanke Ƙyalle ya ƙaddamar bara da jawabin awa biyu. Tana nuna ɗan koren jirgi yana tafiya a kan taswira, kuma kana iya tura wa mai jiranka ya bi ka da ido.

Na kuwa tura. Shugabar wata makaranta ce ta ba ni ƙarfe sha biyu in tsaya gaban kwamitinta, wanda sau ɗaya yake zama a zangon karatu. Wata huɗu ina bin wannan ganawa. Na rubuta mata cikin ƙasaita: "Ranki ya daɗe, ba sai kin wahala da kira ba, ki duba nan kawai."

Da zan fita, Gwaggona, wadda ta shekara talatin tana fatauci da 'yar waya mai madannai, ta tare ni a bakin ƙofa.

"Ke 'yar boko, kin kira Mai Tsintsiya?"

"Wace ce kuma haka?"

"Matar da ke share tasha. Ita ta san ko kan jirgi ya kwana a gida."

"Gwaggo, an wuce wannan zamanin."

"To, ki gaida mini zamanin."

Bakwai daidai ɗan koren jirgi ya tashi. Na ɗaga kai, na ƙarfen ko tari bai yi ba. Ashe masu hikima ba jirgi suka haɗa da manhajar ba, jadawali suka haɗa. Koren ya tsaya a kowace tasha, ya tsallake gada, bai makara da minti ɗaya ba. Ni kuwa girman kai ya hana ni kiran Shugabar. Kowane rabin awa sai in ce yanzu kan zai zo, mu cim masa.

Ita ta kira.

"Muna ganin kin iso. Ina kika tsaya?"

"Wallahi ban ma tashi ba."

"'Yata, ke da bakinki kika ce in yarda da abin nan."

Na tura mata hotona a gaban taragai. Ta ce hoto ai ko na jiya ana turawa.

Na ja akwati zuwa ofishin shugaban tasha.

"Ranka ya daɗe, a rubuta mini takarda cewa jirgi ya makara."

Ya duba kwamfutarsa. "Malama, jirgin nan ya isa."

"Ga shi can ta taga!"

Bai waiwaya ba. "Taga ba ta cikin tsarin aikinmu. In na rubuta ya makara, na ƙaryata na sama da ni. Ke za ki ciyar mini da iyali?"

Ban yi kuka ba, a rubuta wannan. Na koma kan akwatina, na gyara zama kamar wadda ta zo duba tashar, har ƙarfe biyu da kan jirgi ya iso yana haki. Wata mata mai tsintsiya ta gifta ta gabana, ta dubi takalmina mai tsini, ta ce, "Da kin tambaya." Da na isa makarantar an rufe ƙofa. Maigadi ya ce wani dattijo da ya zo a motar haya tun jiya ne aka ba aikin.

Gwaggo ta ba ni lambar Mai Tsintsiya. A tsakar gida ta karanto mini ita, ɗaya bayan ɗaya, da ƙarfi, don maƙwabta su amfana. Na rubuta ta, kaina a ɗage. Kwamiti zai sake zama nan da wata uku, kuma za su same ni a bakin ƙofa tun kafin maigadi ya buɗe.

Manhajar ta nemi in ba ta maki, na ba ta taurari biyar. Gaskiya ce, tun da nake ban taɓa ganin jirgi mai cika alkawari irin koren nan ba. Roƙona ga Masu Girma ɗaya ne: a faɗa mana tagar da ake yankan tikitinsa.