Ranar da Na Ɗaura Marfin Abinci a Ka

Ko da zan manta komai na zamana a Dubai, ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da na caɓa ado na tafi taron 'yan Koriya, ina tafe ina yauƙi kamar ni na ƙirƙiro allura da zare.

Lokacin muna zaune a unguwar Al Rigga, maigidana yana harkar kago, wato jigilar kaya, ni kuma ina fama da zaman kaɗaici a bene. A lif na haɗu da Malama Han, wata 'yar Koriya mai fara'a da ke koyar da ɗinkin gargajiyarsu a falonta. Bojagi suke ce masa: a tattara ƙananan ƙyallaye masu launi daban-daban, a harhaɗa su da hannu har su zama yanki guda mai kusurwa huɗu. Idan aka ɗaga shi a hasken taga, wallahi sai ka ji kamar ka yi ta kallo. Na shiga ajin a makare, sauran ɗalibai sun yi nisa, amma da yake na taɓa taka keken ɗinki a Kano, sai na riƙa jin kaina ƙwararriya. Duk abin da Malama ta faɗa da Turancinta mai gutsuri-gutsuri, kafin ta rufe baki na ce na gane. (Rabinsa ban gane ba.)

Matsalata ɗaya ita ce Yaya Rabi, yayar maigidana, wadda ke zuwa saro abaya ta sauka a wurinmu. Ranar da ta tarar da ni ina ta fama da ƙyallaye a tsakar falo, sai ta riƙe haɓa.

"Amarya, yanzu duk kayan da ke garin nan, tsumma kika zo ɗinkawa? Abin da telolin Kantin Kwari ke sharewa su zubar?"

Maganar ta yi min ciwo, ba zan ɓoye ba. Na san kuma tana komawa gida dangi kaf za su ji labari. Saboda haka da Malama ta ce za a yi bikin nuna ayyukanmu, na ƙudurta sai Yaya ta je ta gani da idonta, ta janye kalmar tsumman nan.

Kowace ɗaliba ta ɗinka nata. Nawa shuɗi ne da ruwan hoda da ɗan rawaya, a tsakiyarsa kuma Malama ta sa na maƙala wani ɗan maɗauki kamar fure. Ta ce mu zo da shi ranar Asabar, za a ɗora shi a sama, har tana kwatantawa da hannu biyu. To ni Bakanuwa ce. Ƙyalle mai kusurwa huɗu, an ce a ɗora a sama, ai sama ɗaya na sani.

Na ɓata lokaci a gaban madubi ina kafa ɗauri. Ƙyallen ya yi kaɗan, ga tauri, amma na dage da fil har ya zauna, furen nan ya tsaya cak a tsakiyar kaina. Yaya ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ba laifi. Yalla, mu je."

Muna shiga zauren taron na ga ana kallona, na ƙara ɗaga wuya. Wata 'yar ajinmu 'yar Filifin ta toshe baki da hannu, na ɗauka kyau ne ya ruɗe ta. Har bayani na tsaya ina yi wa Yaya da ƙarfi, wai ɗankwalin manyan matan Koriya ke nan, ba kowa ake bari ya ɗaura ba.

Sai muka iso wurin wani dogon teburi. An jera farantai na wainar shinkafa irin tasu da 'ya'yan itace, kowane faranti an rufe shi da ɗinkin ɗaliba guda. Ina kallo mahaifiyar Malama, wata tsohuwa da ta zo daga Koriya, ta kama furen tsakiyar wani ƙyalle da yatsu biyu ta ɗaga, ta nuna wa baƙi abincin, ta mayar. Ashe furen mariƙin ɗagawa ne. Ashe abin da na yi makonni ina ɗinkawa marfin abinci ne, faifai dai irin nasu. Can ƙarshen teburin kuwa ga faranti ɗaya tsirara yana jiran nawa.

Tsohuwar ta dubi farantin, ta dubi kaina, ta sake duban farantin.

Na so ƙasa ta tsage. In cire, ga maza a wurin, ga kitsona ya tsufa. In bari, ga waina a buɗe. Malama ta matso tana ƙoƙarin danne dariya, ta ce, "Habibti, saman abinci na ce."

Yaya Rabi ce ta fara fashewa da dariya. "Khalas, ya isa, ku bar mata kayanta! Kan nan ma yana buƙatar marfi, kada ɗan abin da ke ciki ya huce."

Amma ita ce ta warware gyalenta ta yi min labule na cire, ta yafa min shi. Ta karɓi ɗinkin za ta kai kan farantin, sai na ga ta tsaya tana juya shi, tana neman bayansa. Ba ta samu ba, domin irin wannan ɗinki ciki da waje duk ɗaya ne, babu zare ko ɗaya da ke reto.

"Ke kika yi wannan da hannu?"

Na gyaɗa kai.

Ta shimfiɗa shi a kan farantin a hankali. Tsohuwar kuwa ta yi dariya har da hawaye, ta kama hannuna ta sa Malama ta fassara: wai ita ma a ɗaura mata. Haka taron ya koma ajin ɗaurin ɗankwali, 'yan Koriya sun yi layi da gyalensu, Yaya tana ba da umarni kamar a gidan biki. Ban taɓa jin kunya da daɗi sun haɗu min lokaci guda irin na ranar ba.

Zuwanta na gaba, Yaya ta sauke min buhu guda na ragowar atamfa da shadda, ta ce in yi mata guda shida, kuma kada in kuskura in gwada su a ka.

Tun daga ranar na daina cewa na gane kafin a gama magana. Yanzu ko hula aka miƙo min, sai na tambaya tukuna: ta kai ce, ko ta kwano?