Yadda Ake Burge Surukai a Tsagar Dutse da Tsakar Bazara

Kai da ka yi shekaru a birni kana shan iskar fanka, ka dawo garinmu Fada hutu, ka ji ana raɗe-raɗin wai ka yi laushi, matso kusa. Ina da hanyar da za ta sa dangin matarka su riƙa ambatonka har jikokinsu, kuma na ɗaukar maka alkawari ba ta taɓa kuskurewa ba. Sau ɗaya aka gwada ta, a kan ɗan goggona Allachi, ma'aikacin ofis a Injamena, kuma ina wurin tun daga farko. Sunana Barkai, gyaran mota nake yi a bakin kasuwa. Bi matakan nan kamar yadda ya bi su, kada ka tsallake ko ɗaya.

Mataki na 1: Zaɓi lokaci

Kada ka zo da sanyi, lokacin da Turawa ke zuwa da manyan huluna suna ɗaukar duwatsu hoto. Wannan na ragwaye ne. Ka zo a ƙarshen bazara, sa'ad da raƙuma biyar ke cizon juna a kan inuwar ƙaya guda, ƙarfen mota kuma ba ya taɓuwa sai da tsumma.

A irin wannan lokacin na ɗauki Allachi zuwa zangon surukansa a gindin duwatsu, tafiyar rabin yini daga gari. Matarsa Ashta ta riga shi zuwa da wata guda. Ya sauko da farar riga sabuwa, rawani mai sitaci, takalmin ofis yana ƙyalli, da teɓar shekara goma sha ɗaya a kan kujera. Surukinsa, tsoho Togoi, ya hango shi daga nesa ya ce wa na kusa da shi, "Ana ƙoshi a birni." Maganar ta iso kunnen Allachi kafin a sauke kaya.

Mataki na 2: Nemi aikin da ba a sa ka ba

Washegari da hantsi Ashta ta kawo mana shayi bayan tanti, ta ce awakin uwarta uku sun shige tsagar dutse ta bakin sama tun jiya. "Inna ta ce a ƙyale su, ƙishirwa za ta sauko da su da kansu."

Nan ne damarka. Ajiye kofi, miƙe tsaye, ɗaga murya yadda za a ji a tantin gaba.

"Ni zan koro su kafin azahar," in ji Allachi.

Ashta ta dube shi daga sama zuwa ƙasa. "Baban Hemchi, rabonka da tsagar nan tun kana da wuya."

Idan matarka ta faɗi irin wannan, ka sani ƙarfafa maka gwiwa take yi.

Mataki na 3: Rage ruwa

Masana sun daɗe da gano cewa ruwa nauyi ne, kuma namijin gaske kallonsa kawai yake yi. Gorar roba ɗaya ta isa. Ashta ta miƙa masa salka cike, ya ga tsoho Togoi na zaune yana kallo, ya ture ta da bayan hannu.

"Mu da muke kwana uku da dabino ɗaya?"

Ni dai na cusa wata gora a aljihu na bi shi. Ba jarumta ba ce. Na san in wani abu ya same shi, goggona ba za ta tambayi dutse ba, ni za ta tambaya.

Mataki na 4: Kada ka tambayi hanya

Tsagar tana da baki biyu. Na ƙasa yana kusa da zango, inda ruwa ke kwanciya a gurbin dutse, ko tsohuwa tana zuwa ta dawo shayi bai huce ba. Na sama sai an zagaya tsaunin an hau. Ka zaɓi na sama, ka ce ta nan awakin suka shiga, kai kuma sawu kake bi.

Awa biyu muka yi a kan falalen dutse, babu inuwar da za ta rufe ko tafin hannu. Zafi yana ratsa takalmi. Allachi ya sha rabin gorarsa, ya zuba sauran a ƙeya.

Na ce, "Ɗan goggo, ruwan nan fa ba na wanka ba ne."

"Kai bakanike ne, Barkai. Injin da ya yi zafi me ake masa?"

"Kashe shi ake yi a koma gida."

Mataki na 5: Sauka inda ba a hawowa

Da muka shiga tsagar sai inuwa ta rufe mu, bango ja a dama, bango ja a hagu, sama ta koma siririya kamar zare. Allachi ya ga kashin awaki ya yi dariya, ya ce in kalli yadda ɗan gida ke karanta ƙasa. Muka yi ta gangarawa, bangon yana ta matsowa, har muka iso wani wuri da ƙasa ta yanke, zurfin tsawon mutum biyu, ruwan damina ya goge dutsen ya yi santsi kamar cikin kwano.

Na ce, "In muka sauka nan, babu komawa."

"Wa ya ce maka za mu koma?"

Riƙe wannan amsar, za ta yi maka amfani a wurare da yawa. Ya zame ya faɗa, na bi shi.

Mataki na 6: Yarda da jikinka na da

Gaba kaɗan hanyar ta tsuke, sai a kaikaice ake bi. Allachi ya ce yana yaro da gudu yake wuce nan. Ya shiga da kafaɗar dama, ya ja ciki, ya tura. Kai ya wuce, kafaɗa ta wuce, ƙafa ɗaya ta wuce. Sauran ya tsaya.

Ya tura gaba, ya ƙi. Ya ja baya, ya ƙi. Na kama hannunsa na ja har rigar ta yage ta biyo ni, rawanin ya warware ya faɗi. Na sa kafaɗa na tura, ya ce in bari, haƙarƙarinsa zai karye. Sai na tsaya na duba lamarin da idon mai sana'a: bayana bangon da ba ya hawuwa, gabana ɗan goggona ya toshe hanya kamar murfin kwalba. Wayarsa mai tsada babu sabis, tana nuna lokaci kawai.

Mataki na 7: Jira

A wannan matakin ba a buƙatar komai daga gare ka.

Da rana ta take, haskenta ya sauko tsaye cikin tsagar, iska ta ɗauke. Na ba shi gorata ta saman kafaɗarsa, kurɓi-kurɓi, har ta ƙare. Da farko yana zagina, wai ni na ja shi ba daidai ba. Daga baya zagin ya ƙare. Na taɓa bayansa na ji gumin ya bushe, fatar ta yi zafi kamar tukunya. Sai ya fara magana da mahaifinsa, wanda muka binne shekara tara da suka wuce, yana ba shi haƙuri a kan wani raƙumi da ya ɓata masa tun yana yaro.

Na taɓa ganin mutumin da gumi ya ɗauke masa a hanyar garin Kalait. Bai kai magariba ba. Na riƙe hannun Allachi ina kiran sunansa, ina sa shi ya amsa, in ya amsa in juya in yi ihu sama har muryata ta dushe. Na tuna ɗansa Hemchi, shekararsa huɗu. Na rasa da wane baki zan shiga gidan goggona.

Mataki na 8: Gaida surukarka

Bayan la'asar na ji kukan akuya daga can gaba, sai takun mutum. Na leƙa ta ƙarƙashin hammatar Allachi. Hajje Zenaba ce, uwar Ashta, da salka a kafaɗa da sanda a hannu. Awakin uku suna bayanta sun sha sun ƙoshi. Ta zo gurbin ruwa ta same su, ta ji ihu, ta biyo shi.

Shekara goma sha ɗaya ba su haɗa ido ba, don kunyar surukuta. In ya hango ta kan hanya sai ya ratse, in ta hango shi sai ta ja mayafi. Yau ga shi gabanta ba riga, ba rawani, baki buɗe.

Ta juya mana baya, ta ja mayafi, ta miƙo bakin salkar ta bayanta har ya taɓa leɓensa.

"Barkai, ka ce wa baƙon nan ya sha kaɗan-kaɗan. In ya kwankwaɗa zai amayar."

"To, Inna."

"Ka jiƙa rawanin ka ɗora masa a ka da wuya. Kada ka bari ya yi barci."

Ta bar mana salkar ta tafi da sauri. Ba a jima ba ta dawo da Ashta, da igiyar rijiya, da ƙwaryar man shanu. Ashta ta ga mijinta, hawaye ya zubo mata, amma bakinta bai tsaya ba.

"Sannu da kiwo, Baban Hemchi. An dawo da awakin?"

Ta shafe shi da mai ta gaba, na shafe shi ta baya, ta ɗaure igiyar ƙarƙashin hammatarsa. Hajje Zenaba ta ɗora ɗaya bakin igiyar a kafaɗa, fuskarta na kallon hanyar gida.

"Ka ce masa ya fitar da numfashi duka. Ya daina riƙe ciki, mun riga mun gani."

Suka ja, na tura. Sau biyu babu motsi. A na uku ya fice da wani sauti da ba zan kwatanta ba, ya faɗi rubda ciki daidai dugadugan surukarsa. Ya daɗe yana haki, sannan ya ce, murya a shaƙe, "Inna, na gode." Ita ce maganar farko da ya taɓa yi mata kai tsaye.

Ba ta juyo ba. Ta dubi bangon da ke gabanta ta ce, "Dutse, ka gaya masa 'yata ba ta isa takaba ba." Ta kora awakinta ta yi gaba.

Mataki na 9: Karɓi yabo

 Washegari tsoho Togoi ya yanka ɗaya daga cikin awakin ya yi sadaka, aka kai wa Allachi romo bayan tanti, ya sha a kwance don fatar cikinsa ta sale. Kwana shida ya yi kafin ya iya sa wando da kansa. Makiyaya yanzu suna kiran wurin Ƙugun Allachi, har masu yi wa Turawa jagora suna tsayar da su a nan su ɗauki hoto. A ofishinsu kuwa, na ji labari, an san shi da mutumin da ya ceto awaki uku a cikin dutse da tsakar bazara.

Gargaɗi

Duk wanda ya bi matakan nan ya maƙale, ya suma, ko ya bar fatarsa a jikin bango, babu ruwan Barkai, babu ruwan garejinsa. Kada a aiko mini, ba na hawa tsauni kuma. Kada a aika wa Hajje Zenaba, kafaɗarta ba ta warke ba har yau. Kuma kafin ka ajiye kofin shayi ka miƙe, tsaya ka tuna irin zaman da kake yi da 'yar mutane, domin ba kowace suruka ce ke jin ihu a cikin dutse ta bi ta duba ba.