Ni-Da-Kaina Ya Je Gyaran Fuska

Duk wanda bai yi aiki a ƙarƙashin Manajan kamfaninmu ba, to ya yi asarar ganin mutum. Allah ya yi masa murya, ya yi masa tumbi, ya kuma hore masa sanin komai. Ko fanka ce ta lalace, sai ya tara ma'aikata ya yi jawabi: "Ni da kaina na gano ba ta juyawa." Shi ya sa a bayan idonsa ake kiransa Ni-Da-Kaina, saboda tsabar ƙauna.

Abu ɗaya ne ya hana bawan Allah sakat. Masu kamfani za su zauna su duba ko a bar shi a kujerarsa, ko a ba mataimakinsa, wanda fuskarsa ke sheƙi kamar sabon faranti. Manaja ya sha baƙin rini a gashi, amma goshi ya ƙi ba da haɗin kai. Kullum ya duba madubi sai ya ga an ƙara masa layi.

Da yake mutum ne mai zurfin bincike, ya bi motar mataimakin a baya har ƙofar wani shago. A nan wata mata ke gyaran fata da siraran allurai, tana tsittsira su a fuska, babu mai, babu hoda. Manaja ya buga sitiyari. Ashe nan asirin yake!

Washegari ya faɗa shagon, ƙamshin turarensa na gaba yana biye.

"Hajiya, duk adadin allurar da kike yi wa mutane, ni ki ninka min. Manaja ne a gabanki."

"Ranka ya daɗe, ba yawa ake bi ba. Ka dai kwanta shiru, ban da magana, ban da haɗe gira."

Da ta san wanda take gaya wa haka, da ba ta ɓata bakinta ba. Ya matsa mata lamba, ta ƙara masa 'yan kaɗan don a zauna lafiya. Ya kwanta fuska cike da allurai kamar bushiya, yana jin ƙuruciya tana shigarsa. Sai waya ta yi ƙara: wai an sayo tsintsiya a ofis ba da izininsa ba. Nan take ya tashi zaune, ya murtuke, ya zuba jawabi kan ladabin aiki. Allurai na rawa, wasu na zubowa a kan tumbi, matar na roƙo, shi kuwa yana ɗaga mata hannu kada ta katse shi.

Ranar zaman, fuskarsa ta fito da ɗigo-ɗigon kwanciyar jini, gira ɗaya ta kumbura. Ko a jikinsa. Ya miƙe gaban masu kamfani ya ce, "Ku dube ni da kyau. Ni da kaina shaida ne cewa ƙarfina yanzu ya fara."

Suka kuwa dube shi da kyau. Babbansu, mutum mai tausayi, ya ja kujerarsa baya kaɗan ya ce, "Sannu, Baba. Tun yaushe abin ya kama ka? Je ka gida ka huta, yaron nan zai riƙe mana."

Kalmar Baba ta fi allura zafi. Daga nan bai zame ko'ina ba sai shagon.

"Kin cuce ni! Me kike yi wa mataimakina da kika hana ni?"

Matar ta yi ɗan tunani, sannan ta gane.

"Au, wannan yaron? Ai bai taɓa hawa gadon nan ba, ranka ya daɗe. Mahaifiyarsa yake kawowa. Rannan ma da ta hango ka ta ce in gaishe ka, wai ajinku ɗaya a firamare."